Inda aikin aduwa da maganin prostat ya kwana

12 Nuwamba 2024

Yau Malam mai duba aikina ya sa hannu bisa taken memuwar ɗina, wato littahin binciken kammala karatu, sai na ce bari in riƙa rubuta inda aiki ya kwana duk lokacin da na samu sarari, don kar in manta kuma don ƙannena da za su biyo baya a sashen shimi su ga yadda abin ya ke tun daga tushe. Aikin shi ne neman sinadaran da za su iya toshe ormon ɗin mazakuta, wato testosteron, saboda masu ciwon dajin prostat. Rabi bisa ordinater za a yi shi, rabi cikin labo.

Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Kawuna na Tibiri, wan mahaifiyata, shi ne ya biya mini kuɗin lakwal tun ina ƙarami, bara da damina hitsari ya fara yi mishi gardama, dare guda sai ya tashi sau biyar sau shida, yana ɓoyewa bai gaya ma kowa ba har ranar da ya tsaya cak anka kawo shi Maradi cikin dare anka sa mishi sondi. Da anka yi analiz ɗin jini PSA ɗinshi, wato sinadarin prostat da ke hawa cikin jini in tana da matsala, ya wuce ɗari, alhali daga 4 ma likitoci sun fara sa ido. Ciwon ya riga ya kai ƙashin baya, shi kuwa duk tsammaninshi ciwon noma ne.

Mutane na ce ma abin dajin mafitsara, amma prostat ba mafitsara ba ce. Wata 'yar tsoka ce kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar hitsari ta ratsa ta tsakiyarta, shi ya sa in ta kumbura hitsari ke wahala. Abin da ya ban mamaki ranar da na fara karatu a kai shi ne dajin nata da testosteron ya ke rayuwa, kamar yadda gero ke jiran ruwa. Wani likita a Shikago ta Amurka, Charles Huggins, shi da ɗalibinshi Clarence Hodges sunka nuna haka a 1941, sunka ga in an cire ma mai ciwon 'ya'yan maraina ko an ba shi ormon ɗin mata sai ciwon ya ja baya, mutumin da ke kwance saboda ciwon ƙashi ya tashi. An ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Duk magungunan da zan yi magana a kai daga nan sunka samo asali.

25 Nuwamba

Sati biyu ina karatu kawai, kaina har ya yi nauyi. Bari in tsara abin yadda na gane shi.

Umarni daga ƙwaƙwalwa ya ke hitowa, ya sauka ga maraina su yi testosteron, kuma su ke yin kusan duka, sama da kashi 90 cikin 100. Ragowar daga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune bisa ƙoda ta ke zuwa. Allurar da ake yi ma Kawu duk wata uku tana rufe wancan umarni ne. Andrew Schally ne da mutanenshi sunka gano sigar ormon ɗin mai kai saƙon a 1971, daga nan anka ƙera irin su leuprolid da anka amince da shi a Amurka a 1985, da goserelin a 1989. Abin da ke da ban tsoro ga wannan allura, satin farko testosteron hawa ya ke yi kafin ya faɗi, shi ya sa likita ya ba Kawu ƙwayar bikalutamid 50 mg ya fara sha kafin allurar farko. A lokacin ban gane dalili ba, har na so in ce mu bar ƙwayar mu rage kuɗi, yanzu da na karanta na ga mai ciwo a ƙashin baya wannan hawan na iya danne mishi laka, jikina ya yi sanyi wallahi.

To amma ko an rufe maraina dajin na samun abinci daga ƙullutan ƙoda, wani lokaci ma shi da kanshi ya ke haɗa nashi. Nan ne abirateron ya shigo. A Landan anka ƙera shi farkon shekarun 1990, a cibiyar binciken daji, Gerry Potter da Mike Jarman da Elaine Barrie, amma sai 2011 anka amince da shi, ku duba shekarun da ke tsakani. Shi yana toshe wani anzim ne, wato ma'aikacin haɗa sinadarai cikin jiki, mai suna CYP17A1 wanda ba a iya haɗa testosteron ko ina cikin jiki sai an bi ta kanshi.

Yanzu ga inda aduwa ta shigo, kuma nan ne zuciyata ta ke. Abirateron steroyid ne, zobe huɗu a jere. Masana'antu galibi ba su gina zobban nan daga komi-babu, daga tsiro su ke samo su, ɗaya daga cikin manyan hanyoyi shi ne wani sinadari diyosjenin, wanda Russell Marker ya nuna yadda ake sare mishi wutsiya a shekarun 1940 da doyar daji ta Meziko. Kuma aduwa tamu, wadda yara ke tsotsa awaki na bi, wadda ake sassaƙa allo da iccenta, tana da diyosjenin. Ranar da Malam ya gaya mini haka cikin buro ɗinshi na daɗe ban ce komi ba.

9 Disamba

Na tahi Tibiri na kwana biyu, ni da 'ya'yan Kawu munka tsinto aduwa wadda ta faɗo da kanta, rabin buhu. Na rubuta ranar da wurin, na yanko reshe da ganye don malamin tsirrai ya tabbatar da sunan, Balanites aegyptiaca. Kawu na zaune bisa tabarma yana kallonmu ya ce, kai ɗan nan, duk bokon naka ga aduwa ya ƙare? Na ce Kawu ai ga aduwa ya fara. Ya yi dariya har ya riƙe ƙugu.

6 Janairu 2025

An fara aikin ordinater kuma ban ji daɗin farawar ba.

Abin da ake ce ma doking shi ne ka ɗauko hoton anzim ɗin yadda ya ke da lunguna da ramuka, ka ɗauko sinadarinka, ordinater ta yi ta jujjuya shi cikin ramin tana neman zaman da ya hi dacewa ta ba shi maki. Na sauko da sigar CYP17A1 mai lamba 3RUK, wadda DeVore da Scott sunka hitar a 2012 da abirateron zaune a ciki, koneksiyon na yankewa sai da na bari har ƙarfe biyun dare. Ina amfani da AutoDock Vina tunda kyauta ne, ina duba hoto da PyMOL.

Malam ya ce kafin in gwada nawa ko guda, in ciro abirateron ɗin daga raminshi in ce ma ordinater ta maida shi. In ta maida shi inda ya ke da ma, da ratar da ba ta kai angstrom 2 ba (awon tazara ne tsakanin ƙwayoyin zarra), to a yarda da ita, in ba haka ba duk makin da za ta bayar daga baya shirme ne. Na yi. Ta maida shi a kihe, ƙafa sama kai ƙasa. A tsakiyar anzim ɗin akwai ƙwayar ƙarfe guda, irin wadda ke cikin jini, kuma abirateron na da wani ƙaramin zobe piridin mai azot a bakinshi, azot ɗin ne ke kama ƙarfen ya hana shi aiki, duk sirrin maganin ke nan. Ni kuwa nawa ya juya ma ƙarfen baya, kuma makin da ta ba shi mai kyau ne! Da ban buɗe hoton na duba da idona ba da na wuce da murna.

Sau bakwai ina maimaitawa, kuran ya ɗauke sau biyu a tsakiya, batirin ordinater ɗin kuma ba ya riƙe ko minti arba'in.

20 Janairu

Alhamdulillahi ya zauna daidai. Matsala biyu ce, akwatin da na zana ma ordinater ta nema a ciki ya yi faɗi ƙwarai, sannan wajen share fayil ɗin na lalata zoben da ke riƙe da ƙarfen ban sani ba. Wata yayarmu da ta gama bara ita ta gano, ta duba minti biyar ta ce ƙanena ina ƙarfenka ya tahi. Yanzu azot na fuskantar ƙarfe, ɗayan kan kuma ya kama wani gurbi na anzim ɗin mai suna Asn202 kamar yadda ya ke a hoton asali, rata ta sauka ƙasa da 2.

Na sayi tsohon batirin mota na haɗa da ƙaramin panno na maƙwabcinmu a Ali Dan Sofo, yanzu ko an ɗauke wuta aiki na ci gaba.

11 Fabrairu

Labo. Wannan shi ne ɓangaren da na hi so, hannu na taɓa abu.

Mun ɓare aduwar mun raba uku, naman da ake tsotsa daban, ƙwallon mai tauri mun fasa da guduma, ɗiyan ciki daban. Fasa ƙwallon aduwa ba wasa ba ne, na kwana biyu babban yatsana na kumbure. Ɗiyan na da mai sosai don haka sai da munka daka munka wanke man da ruwan ekzan cikin na'urar soksile kusan yini guda, ruwan na hawa yana sauka yana komawa rawaya, sannan garin da ya rage munka jiƙa da metanol.

Da na ɗebi kaɗan na zuba ruwa cikin tib na girgiza, kumfa ta taso fari fat ta tsaya, na aje na tahi sallar la'asar na dawo tana nan ba ta kwanta ba. Saponin ke nan. Kakata ta sha gaya mana da can da ɓawon aduwa su ke wanki in babu sabulu, ashe abin da ta ke gani cikin ƙwarya shi ne ni ke gani cikin tib. Diyosjenin ɗin na cikin saponin ɗin nan amma a ɗaure da sukari, sai an dafa da asid a tsinke sukarin kafin ya hito.

A ordinater kuma na zana sinadarai 24. Duka gangar jikinsu guda ce, zobba huɗun nan da za a iya samu daga aduwa, bakin kawai ni ke canzawa, wani imidazol wani triyazol wani pirimidin, duk mai azot da zai iya kama ƙarfe. Na bi da su ta shahin SwissADME in ga ko sun cika sharuɗɗan Lipinski na sinadarin da zai iya zama ƙwayar sha, nauyi kar ya wuce 500 da sauransu, biyar sun faɗi tun nan.

5 Maris

Azumi ya kama kuma abin da ya faru satin nan ya hi duk wata matsalar labo tayar mini da hankali, shi ya sa zan rubuta shi da tsawo.

A fadarmu wajen shan shayi na yi ta ba abokai labarin aduwa da diyosjenin, da zumuɗi, ban auna bakina ba. Ashe magana ta tashi ta yi ƙafa. Kafin sati biyu har ta kai Tibiri cewa ɗan wance ya gano maganin prostat cikin aduwa. Wani dattijo ya biyo ni har gida bayan sallar asuba ya ce ɗana a taimaka mini da na kwalba guda ko nawa ne. Na zaunar da shi na yi mishi bayani, ya tahi yana ganin rowa na yi mishi.

Wanda ya hi wannan, matar Kawu ta kira ni a ɓoye ta ce lokacin allura ya yi amma ya ce ba ya zuwa, wai ya fara jiƙa aduwa yana sha sahe da dare, tunda ɗanshi ya ce maganin na ciki mi zai sa ya ƙara saida tunkiya. Ban jira komi ba na hau kabu-kabu zuwa tasha da azumi a bakina.

Na iske shi ƙarƙashin rumfa yana jan tasbaha. Bayan gaisuwa na ce Kawu, an ce ka bar allura. Ya ce ɗan nan allurar nan ta gama da ni, zahi na taso mini daga ƙirji zuwa kai ko cikin sanyin Janairu sai in jiƙe da zufa, ƙarhi babu, kuma akwai abin da ba zan iya gaya maka ba tunda kai ɗana ne. Na gane abin da ya ke nuhi, na sadda kai. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, haka rashin testosteron ke yi, har ƙashi na rage ƙwari in an daɗe. Ban ce mishi ba komi ba ne don komi ne.

Na ce Kawu ka san ƙarhen da maƙeri ke saye a kasuwa, garma na cikinshi amma ba ka kai shi gona haka nan ka ce zai yi huɗa. Abin da ke cikin aduwa ƙarhen ne kawai, tsakaninshi da magani akwai wuta da uwar maƙera da matakai da yawa da ko ni ban isa in yi su a Maradi ba, jikin mutum kuma ba ya iya maida diyosjenin wani ormon ko wani magani da kanshi, ko ka sha buhu guda. Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce to kai mi ka ke yi ke nan? Na ce ina koyon ƙira ne Kawu, ban ƙera komi ba tukuna.

Washegari munka zo Maradi tare anka yi mishi allurar, an makara da kwana tara. Kuɗin ni da yayyena munka haɗa. Tun ranar na daina maganar aikin nan a fada, wanda ya tambaya sai in ce muna nan muna fama.

19 Maris

Sakamakon doking ya kammala ga 19 da sunka rage. Uku sun zauna da kyau, azot bisa ƙarfe, makinsu kusa da na abirateron. Wanda ya hi burge ni mai imidazol ne, har na fara tunanin sunan da zan sa mishi.

Na kai ma Malam da murna ya duba ya ce, ka bincika ko wani ya taɓa yin shi? Na ce ranka ya daɗe ni na zana shi da hannuna. Ya ce ban tambaye ka wa ya zana ba. Na koma na shiga PubChem, rumbun sinadarai na intanet, na bi takardu, ashe tun ƙarshen shekarun 1990 an haɗa irin waɗannan a jami'ar Maryland ta Amurka, an gwada su, Vincent Njar da Angela Brodie. Daga wannan layi ne ma galeteron ya hito, mai benzimidazol a baki, wanda ya kai har gwajin mataki na uku ga marasa lahiya sannan anka tsaida gwajin a 2016.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Amma da sahur na sake tunani, in ordinater ɗina ta zaɓo abin da manya sunka riga sunka haɗa sunka ga yana toshe anzim ɗin da gaske, to hanyar da ni ke bi ba ta ɓata ba. Kuma shi Njar ɗin ɗan Najeriya ne, a Ibadan ya yi digirinshi na farko. Wannan ya ƙara mini ƙarhin gwiwa ƙwarai, mutum daga nan maƙwabta ya kai sinadari har gadon asibiti. Galeteron kuma ya nuna mini abu na iya yin kyau a ordinater, ya yi kyau a tib, ya yi kyau ga ɓera, ya zo ga mutum ya kasa.

17 Afrilu

Zahi ya hana komi. Labo da rana ya wuce digiri 40, eter kuwa a 35 ya ke tafasa, ka buɗe kwalba kana kallo yana gudu, ga hatsarin gobara. Mun koma aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma.

Dahuwar asid ta farko ta lalace. Na bar shi bisa wuta ya wuce lokaci don na hita neman ƙanƙara ta sanyaya na'ura, ruwan pampo da kanshi ɗumi ya ke zuwa, na dawo na iske abu baƙi kamar kwalta. In asid ya yi yawa ko an daɗe, diyosjenin na zubar da ruwa guda daga jikinshi ya koma wani abu daban da ba ya da amfani gare mu. Kashi ɗaya cikin uku na abin da na tara tun Fabrairu ya tahi. Laihina ne, na rubuta shi haka cikin kaye ɗin labo.

8 Mayu

Karo na uku ya yi. Mun rage asid, mun tsaya a kai da agogo, na ƙi ko zuwa shan ruwa. Bayan an tace an wanke an busar, na ɗiga bisa farantin kromato mai raba sinadarai gefe da gefe da ɗan diyosjenin na asali da Malam ya daɗe yana ɓoyo cikin firigo, kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba. Da anka fesa anka gasa, tabo biyu sunka hito a layi guda, tsayi guda launi guda. Na kira yayar tamu ta zo ta gani don kar ya zama idona ne ke so.

Bayan kwana biyu cikin firigo wasu 'yan allurai farare sirara sunka hito a gindin kwalba, ba su cika ko kan cokalin shayi ba, daga rabin buhu. Na auna inda su ke narkewa, sun fara kaɗan ƙasa da 205 da ake sa rai, alamar akwai gauraye. Ba mamaki, aduwa na da wani ɗan'uwanshi yamojenin da sunka bambanta a wuri guda tak can ga wutsiya, farantin kromato ba ya raba su. Abin daɗin shi ne wutsiyar ce ake sarewa a hanyar Marker, don haka su biyun abu guda za su bayar daga ƙarshe. Amma ba zan rubuta cikin memuwar cewa diyosjenin ne tsantsa ba sai na'urar RMN mai tantance sigar sinadari ta faɗa, mu kuwa ba mu da ita nan.

A gefen ordinater na canza tambaya gaba ɗaya, kuma ina ganin wagga ta hi ta farko ma'ana. CYP17A1 aiki biyu ya ke yi a rami guda, na farko ana buƙatarshi wajen haɗa wani ormon mai suna kortizol, na biyu shi ne mai kaiwa ga testosteron. Abirateron duka biyun ya ke rufewa, shi ya sa mai shan shi dole ya haɗa da prednizon mai maye gurbin kortizol, in ba haka ba tansiyon ya hau, potasiyom ya faɗi, ƙafa ta kumbura. A birnin da ake auna jini duk sati biyu wannan da sauƙi, amma ka tuna mutum irin Kawu da zuwa Maradi ma sai an yi shiri. An nemi wanda zai rufe na biyun kawai, orteronel na cikin waɗanda anka gwada bai kai ga samun amincewa ba. Ban ce ni zan warware abin da ya gagari kamfanoni ba, amma zan gwada ukun nan nawa bisa wani anzim ɗan'uwanshi, CYP21A2, wanda shi ma na hanyar kortizol ne, in ga wane ne ya hi ƙyale shi. Ko wannan kaɗai ya isa babi guda.

2 Yuni

Na raka Kawu kontrol. PSA ya sauka sosai, an daɗe da cire sondi, ciwon baya ya yi sauƙi har yana maganar zai je gona in ruwa ya sauka, 'ya'yanshi na hana shi. Testosteron ɗinshi na ƙasa da 50 da ake nema.

Da Kawu ya hita na tsaya na tambayi likitan, docta in allurar ta daina aiki fa? Ya dube ni ya ce kai ne ɗalibin shimi ɗin ko, to ka san amsar. Na sani. Ga mai ciwon da ya bazu allura na riƙe shi wani lokaci, sau da yawa shekara ɗaya zuwa biyu ko hiye, sannan dajin ya koyi rayuwa da ɗan abin da ya rage. Yana ƙara yawan kwaɗon da ormon ke buɗewa cikin ƙwayar dajin, ko ya canza sigar kwaɗon har maganin da ke toshe shi ya koma lakile, an ga haka da flutamid da bikalutamid, har da enzalutamid da Charles Sawyers da Michael Jung sunka ƙera a Kaliforniya anka amince da shi a 2012. Akwai ma wani nau'i AR-V7 da ya yar da bakin kwaɗon gaba ɗaya, kullum a buɗe ya ke, babu inda magani zai kama. Apalutamid ya zo a 2018, darolutamid a 2019, ana ta bin shi yana zillewa.

Hukumar lahiya ta duniya ta sa abirateron cikin jerin magungunan dole tun 2019, kuma yanzu akwai na Indiya mai rangwame, amma ko shi kuɗin wata guda ba na manomin gero ba ne, ƙwaya huɗu ta 250 mg kullum da cikin wofi. Na karanta wani gwaji da anka yi a Shikago anka wallafa a 2018, inda anka ba wasu ƙwaya guda tak tare da karin kumallo marar mai da yawa, tunda abinci na ƙara yawan abin da jiki ke tsotsa ninki-ninki, kuma PSA ɗinsu ya sauka kamar na masu shan huɗu. Na nuna ma likitan a waya, ya ce ya san da shi, in lokaci ya yi za a duba, amma kar in kuskura in canza ma kowa awo da kaina. Na ce wallahi docta na riga na koyi wannan darasi tun cikin azumi. Gashi na radiyo kuma sai Yamai, cibiyar yaƙi da daji da ta fara shi a 2021, tahiyar sama da kilomita 600 ga mai ciwon baya.

A hanyar komawa Kawu na bayan moto ya ce, ɗan nan ya maganar ƙirar taka? Na ce an samu ƙarhen Kawu, ɗan kaɗan. Ya ce to Allah ya sa albarka, ko ban ci moriyarta ba wani ya ci. Ban iya amsawa ba sai amin.

24 Yuni

Ruwa ya sauka shekaranjiya, an yi shuka a Tibiri, an ce Kawu ya bi yara gona ya zauna gindin aduwa yana nuna musu layi.

Gwajin CYP21A2 ya ƙare. Biyu daga cikin ukun sun kama shi kamar yadda sunka kama na farko, wato ba su bambanta. Na ukun, mai triyazol da na ƙara ma ɗan reshe a gefe, bai samu wurin zama da kyau ba a can, azot ɗinshi ya yi nisa da ƙarfe. Na maimaita sau biyar da lambar farawa daban-daban, haka ya ke hitowa. Malam ya ce in rubuta shi a matsayin alama da ke son a bincika, kalmar magani kar ta hito ko sau guda cikin babin, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kafin a ce wani abu sai an haɗa shi da gaske, an gwada bisa anzim ɗin cikin tib, sannan bisa ƙwayoyin daji irin LNCaP masu jin ormon da PC-3 marasa ji don a ga ko ta hanyar ormon ɗin ya ke aiki ko guba ce kawai, duk wannan ba a labonmu ba.

Na raba 'yan alluran nan farare biyu. Rabi na zuba cikin ƙaramar kwalba mai duhu na naɗe da takardar alminiyom na liƙa lamba, wani malami da zai yi tahiya wata mai kamawa ya yarda zai kai inda ke da RMN. Rabin na bar shi cikin firigo. Sutnans, wato kare memuwar gaban malamai, an ce bayan damina. Abin da ya rage mini kafin nan babi na uku da na huɗu, da sake zana hotunan PyMOL don na farko sun yi duhu ba a ganin ƙarfen, sai kuma allurar Kawu ta gaba farkon Satumba, na rubuta ranar a bangon ɗakina na kuma gaya ma matarshi ta kira ni tun saura sati.